Waiwaye: Ɗorayi Kafin Igiya Ta Ratsa Gonaki

Da motar Birnin Kudu ta ratsa ƙasar Takai ta haye gadar Wudil, akwai gardamar da ba ta ƙarewa tsakanin fasinjoji: wai daga ina Kano ta fara? Yaran yanzu cewa suke tun kafin a kai kasuwar goro ta Mariri an shiga gari. Tsofaffin direbobi kuwa sai su yi dariya, don lokacin da suka fara riƙe sitiyari sai ka wuce Hotoro, ka wuce Tarauni, dawa da gero na kaɗawa dama da hagu, kafin ka ce ka iso. Kowa da gaskiyarsa. Garin ne ya taso ya tarye mu a hanya.

Hotoro, Tarauni, Mariri, Na'ibawa, Sheka, Sharaɗa, Kawo, Giginyu, Rijiyar Zaki: yau sunayen unguwanni ne da ɗan adaidaita sahu ke kira yana neman fasinja. A da kuwa kowanne ƙauye ne mai zaman kansa, da mai unguwarsa ko dagacinsa, da rijiyarsa, da gonakinsa, da inda yake binne mamatansa. Babu ranar da sankira ya fito ya ce daga yau kun tashi daga ƙauye. Mutane sun kwanta suna manoma, sannu a hankali suka farka suna 'yan birni. A cikinsu na ɗauki Ɗorayi, domin ita ce ta yi dacen samun wanda ya zauna ya rubuta yadda take ana gab da haɗiye ta.

Ɗorayi tana kudu maso yammacin birnin Kano, bayan ganuwa, a bayan tsohuwar harabar Jami'ar Bayero. Sarkin Kano yana da gida a can tun da daɗewa, kamar yadda yake da shi a Fanisau, shi ya sa hawan Ɗorayi yake cikin haye-hayen salla. Asalin abin shi ne Sarki ya fita daga gari, ya sha iska, ya ga talakawansa na karkara. Yanzu dawakan kan kwalta suke bi, tsakanin shaguna da gidajen bulo, tun daga ƙofar gari har ƙofar gidan.

A 1971 zuwa 1972 wata Baturiyar Ingila, Polly Hill, ta yi bincike a wannan yanki, wanda a lokacin yake ƙarƙashin gundumar Kumbotso. Kafin nan ta zauna a Batagarawa ta kusa da Katsina, ta rubuta littafi a kan manomanta. Na Ɗorayi ya fito a 1977, kuma a cikinsa ta kwatanta karkarar Kano ta 1900 da ta 1970. Abin da ta tarar zai ba ɗan Ɗorayin yau mamaki. Ba gari ba ne dunƙule mai layi-layi. Gidaje ne warwatse, kowanne zaune a tsakiyar gonakinsa, 'yan siraran hanyoyin ƙafa da na jakuna sun haɗa su. Wasu gidajen kuma manya ne na ban mamaki, gida guda da mutum 50 ko fiye, kaka da 'ya'ya da jikoki da matansu, zaure ɗaya suke shiga su fita. Har maƙala ta musamman ta rubuta a kan waɗannan manyan gidaje a 1974.

Yaya ƙasa 'yar wannan take ciyar da jama'a haka? Amsar tana bayan jaki. A ƙasar da ta kewaye Kano kusan babu saura, kowace shekara gona ɗaya ake komawa, don haka rayuwarta na ga taki. Da rani, tun duku-duku yaro zai ɗaura wa jaki itace ko kara ko harawa, ya kora shi zuwa birni. Ya sayar, sannan ya bi lungu-lungu inda aka san gidansu, ya kwashe kashin tumaki da awaki da tokar murhu da sharar tsakar gida, ya cika mangala har ta rinjayi jakin. Kafin rana ta take ya fito ta Kabuga ko Dukawuya ko Gadon Ƙaya. A gona sai a zazzage, tsibi nan, tsibi can, baƙi-baƙi a kan jar ƙasa, a bar su suna jiran ruwan farko. Mai gona ya san yawan mangalar da ya zuba kamar yadda ya san yawan dammunan da yake sa rai. Wani masanin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin gundumar Ungogo a shekarun 1960, wannan zirga-zirgar jakuna na cikin abin da ya ɗauki hankalinsa: birni na cin abin da ƙauye ya noma, ƙauye na cin abin da birni ya zubar. Babu mai yi wa wani alfarma.

Amma kada mu yi wa jiya kwalliyar da ba ta da ita. Polly Hill ba aljanna ta gani ba. Ta ga magidanta da yawa da gonarsu ba ta kai ta kawo ba, wasu ma ba su da ko taku ɗaya, sai ƙwadago da 'yan buga-buga. Hujjarta mafi nauyi ita ce, a 1900 karkarar Kano ta fi ƙarfi. Akwai masaƙa da marina da fatake masu zuwa nesa daga cikin ƙauyukan kansu. Da Turawa suka ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, sai ciniki ya tattare a birni, tufafin kanti suka kashe saƙa, fatauci ya koma hannun masu mota da masu jari. Aka bar ƙauye da fartanya kaɗai, ga haihuwa na ƙaruwa, ga gado ana ta rabawa. Ke nan kafin birni ya miƙo hannu, Ɗorayi ta riga ta yi laushi.

Daga nan abubuwa suka zo a jere. Aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, ma'aikata suka cika gari. Kwalejin Abdullahi Bayero ta tare a mazauninta na bakin ganuwa a ƙarshen shekarun 1960, ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, malamai da masinjoji da ɗalibai duk suna neman wurin kwana. Masana'antu suka tashi a Sharaɗa. Farin 1973 ya koro mutane daga arewa, kuɗin man fetur ya jawo wasu daga ko'ina. Garin da ƙidayar 1952 ta ba shi mutum wajen 130,000, a ƙidayar 2006 ƙananan hukumominsa takwas, wato Birni da Dala da Gwale da Fagge da Nassarawa da Tarauni da Kumbotso da Ungogo, sun haura miliyan 2.8. An yi tsari a takarda, ba a ce ba a yi ba. Akwai shirin raya birnin na shekara 20 da ake kira shirin Trevallion, daga 1963 zuwa 1983, da taswirarsa da komai. Sai dai mutane sun fi takarda sauri.

Sai kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ta zamanin mulkin soja na Obasanjo, wadda har yau tana nan daram, an ma cusa ta cikin tsarin mulki. Dokar ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Shi ke da ikon ayyana wuri a matsayin birni, kuma da ya ayyana, ikon filayen wurin ya koma ofishinsa. Wanda yake da filin da ba a gina ba a irin wannan yanki, rabin hekta kawai doka ta tabbatar masa. In gwamnati ta karɓi gona don amfanin jama'a, diyyar da za ta biya ta abin da ke kan ƙasar ce, amfanin gona da bishiyoyi da gini, ban da ƙasar kanta. Manomi bai karanta dokar ba, amma ya ga abin da ya sami maƙwabcinsa. Lissafin da ya yi mai sauƙi ne: gara in yanka in sayar da hannuna kafin a zo a ƙirga mini kuka da ɗorawa a ba ni abin da ba zai sayi akuya biyar ba.

Haka awon igiya ya samo asali, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa wurin ba zai manta ba. Bayan an yi girbi, kara na tsaye, sai a wayi gari da dillali da yaransa biyu da igiya da guduma da tarin turaku. Magada na tsaye gefe, kowa ya harɗe hannu. A ja igiya ƙafa 50, a buga turke, a juya a sake jan 50. In an zo kan hanya sai ciniki ya tashi, domin duk ƙafar da aka bar wa hanya, kuɗi ne ya fita daga aljihun wani. Mai hankali a cikinsu ya ce a bar inda mota za ta shiga, wani ya ce ai babur ma ya isa. A ƙarshe a bar abin da ya sawwaƙa. Mai unguwa ya sa hannu a takardar ciniki, shaidu su dangwala, dillali ya karɓi la'adarsa, a yi fatiha a watse. Wanda ya sayi fuloti shi ma bayan shekara biyu ya raba biyu ya sayar da rabi don ya sami na yin gini. A rana ɗaya an yanke yadda unguwa za ta kasance shekara ɗari, kuma ba wanda ya tambayi inda ruwan sama zai bi.

Ban ga laifin manomin ba, kuma ina ƙin jin 'yan boko na cewa wai sun sayar da gona sun ƙara aure sun tafi Makka. Wasu sun yi hakan, to sai me? Gonar da magada goma sha suka taru a kanta, in aka raba kowa zai sami abin da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, me za a noma a ciki? Wasu da kuɗin suka sa 'ya'ya a makaranta, wasu suka kama sana'a a kasuwar Kurmi ko Kwari, wasu suka gina ɗakunan haya suna ci har yau. Wasu kuma kuɗin ya narke, jikokinsu na haya a kan ƙasar kakansu. Wannan rabo ne da dabara, kuma kowane gida da labarinsa.

Asarar da ta fi damuna ta daban ce, ita ce ta abin da yake na kowa. Gona tana da mai ita, in an taɓa ta zai yi ƙara. To burtalin da shanu ke bi fa? Kududdufin da aka haƙi ƙasar gini a cikinsa, wanda ruwan unguwa duka ke gangarawa can? Filin da yara ke dambe da langa, inda ake sallar idi? Gefen makabarta da aka bari don masu zuwa? Waɗannan ba su da takarda, domin a ƙauye ba sa bukatarta. Kowa ya san kakan wane ne ya bayar, da baki, a gaban dattawan da duk sun riga mu gidan gaskiya. Ranar da fuloti ya yi daraja sai a ga wani jika ya tuna cewa ai aro aka bayar. A cike kududdufi da shara a yanka shi, damina ta zo ruwa ya rasa gidansa ya shiga na mutane. A wayi gari unguwa mai dubban yara ba filin da za a ƙara aji ɗaya, ga lungun da in an ɗauko makara sai an karkata ta. Yau Ɗorayi Babba da Ɗorayi Ƙarama suna cikin ƙaramar hukumar Gwale, Chiranci na Kumbotso, kuma suna cikin wuraren da suka fi cunkoso a Kano. Ka tambayi saurayi abin da ya sani na tarihin wurin, zai ce maka a masallacin Ɗorayi aka harbe Sheikh Ja'afar Mahmud Adam a watan Afrilun 2007, Allah Ya jiƙansa. Jakuna da mangala kuwa, sai ka ce tatsuniya kake masa.

A nan ne labarin yadda ƙasar Japan ta yi da ƙauyukanta yake da amfani, duk da cewa tasu hanyar daban ce. Su da gangan suke haɗe ƙauyuka, da doka. Sau uku suka yi gagarumin haɗi. A 1888 zuwa 1889 garuruwa da ƙauyuka sama da 71,000 suka koma ƙasa da 16,000, don kowanne ya iya riƙe makarantar firamare da karɓar haraji. Daga 1953 zuwa 1961 suka sauko daga kusan 9,900 zuwa wajen 3,500, a kan ma'aunin cewa sai da mutum kamar 8,000 ake iya riƙe ƙaramar sakandare. Na baya-bayan nan, daga 1999 zuwa 2010, ya rage su daga 3,232 zuwa 1,727. Birnin Takayama kaɗai ya haɗiye garuruwa da ƙauyuka tara a 2005, faɗinsa ya kusa na Tokiyo da kewayenta. Dalilin wannan haɗi na baya-bayan nan kishiyar namu ne: ƙauyukansu tsufa suke yi, matasa sun gudu, haihuwa ta ragu, baitulmali ya gaza. Kuma ba kowa ya ji daɗi ba. Ƙauyukan da ke can gefe sun yi kukan cewa da ofishinsu ya koma reshe, ma'aikata suka tafi, shaguna suka bi su. Wani gari mai suna Yamatsuri ma a 2001 majalisarsa ta fito fili ta ce ba za ta haɗe da kowa ba.

Abin da na ɗauka a wurinsu abu biyu ne. A haɗin baya-bayan nan, kafin a haɗe sai an zauna an yi yarjejeniya a rubuce, majalisun ɓangarorin sun amince, wani wurin har da ƙuri'ar jama'a. Kuma dokarsu ta ba tsohon ƙauye damar riƙe dukiyarsa ta tarayya da sunansa, ko bayan ya narke cikin birni: dajinsa, tafkinsa na ban ruwa, makabartarsa. Ana yi mata rajista daban, mutanen wurin ne ke da bakin magana a kanta, birni ba ya sayarwa yadda ya ga dama. Ƙauyuka da yawa kuma sai da suka buga littafin tarihinsu, da sunayen gonaki da rafuka da gidaje, kafin a sauke allon ofis. Ɗorayi kuwa da baƙuwa ba ta zo daga Ingila ba, da abin da za mu sani sai ɗan abin da ya rage a bakin tsofaffi.

Wani zai ce ina ruwan mutumin Birnin Kudu ko Gwaram da wannan, mu da ke da daji har ido ya gaji? Ai haka mutanen Dutse suke gani kafin ranar 27 ga Agusta 1991, da Babangida ya yanke Jigawa daga Kano ya ce nan ce hedikwata. Cikin shekara 30 da 'yan kai, sakatariya da rukunin gidaje da jami'ar tarayya ta 2011 da filin jirgin sama sun mai da Limawa da Fagoji da Takur da Yalwawa da Ɗanmasara unguwanni. Batagarawar da Polly Hill ta sani a matsayin ƙauyen manoma, yau Katsina ta iso ƙofarta, jami'ar jiha ma a ƙasarta take. Mu kuma a ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Birnin Kudu ta haura mutum 300,000, Gwaram ta haura 270,000. Ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke jawo ma'aikata da majinyata daga jihohi maƙwabta, ga makarantar koyon jinya, ga tsohuwar kwalejin gwamnati, ga babbar hanya. Duk wanda ya daɗe bai zo gida ba, ya dubi inda gini ya tsaya a da da inda ya kai yanzu. Hatta duwatsun nan masu zanen shanu, Dutsen Habuɗe da Dutsen Mesa, da aka sanar wa duniya da su a tsakiyar shekarun 1950 har gwamnatin tarayya ta sa su cikin kayan tarihin ƙasa, gari na matsowa kusa da su. Su aƙalla suna da doka a bayansu.

Kwanan baya na je gaida wani kawuna a ɗaya daga ƙauyukan da ke bakin gari. Na same shi a gindin darbejiya yana gyaran igiyar guga. Bayan mun gaisa na ce, "Kawu, na ji an ce masu fuloti sun fara zagayo ku."

Ya ce, "Sun zo, ɗan nan. Yayyenka ma sun matsa a sayar da ta bakin titi, wai a sai musu adaidaita. Ni ban hana ba, in na mutu ai sayarwa za su yi ko ina so ko ba na so." Ya ɗan yi shiru yana murza igiyar a cinyarsa, sannan ya nuna gabas da haɓa. "Waccan ce ke hana ni barci. Makabartar nan kakanmu ne ya bayar, har zuwa bakin tsamiya. Yanzu wa ya san da haka in ba ni da Liman ba? Shekaranjiya na ga an yi huɗa an shigo da kunya uku."

Na ce, "To Kawu, me zai hana a rubuta?"

Ya dube ni kamar na faɗi abin kunya. "A rubuta wa? Duk garin nan ai dangi ne."

Mutanen Ɗorayi ma dangi ne, gida guda mutum 50. Rubutun da nake nufi ba ya bukatar lauya ko injiniya daga Abuja. Mai unguwa da liman da dattawan da suka rage, da matasa biyu masu waya, su taka da ƙafa su zaga makabarta da filin idi da burtali da kududdufi da filin makaranta, har da inda ake so hanya ta bi nan gaba, da faɗin da mota biyu za su gifta. A kafa turakun siminti, a dasa bishiya a kowace kusurwa. A rubuta cewa wakafi ne, magadan wanda ya bayar su sa hannu tun suna jin kunyar musu, tun fuloti bai kai kuɗin da zai raba wa da ƙani ba. A kai wa dagaci da hakimi su buga hatimi, a ajiye kwafi a kotun shari'a da ofishin ƙasa na ƙaramar hukuma. In da hali, a zaunar da irin su Kawu a naɗi muryarsu suna lissafa gonaki da sunayen masu su.

Dokar 1978 ɗin nan da ta firgita manoman Kano ta bar wata ƙofa a buɗe. Muddin ba a ayyana wuri a matsayin birni ba, ƙaramar hukuma ce ke da ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya a kansa, har da ta filin kiwo. Ga ƙauyukan da ke kewaye da Birnin Kudu da Gwaram da Sara da Babaldu waɗanda iyakar birni ba ta riga ta hau kansu ba, aikin bai wuce sakatariyar da ake zuwa a babur ba. Ranar da gwamna ya faɗaɗa iyakar birni ta haɗa da su, maganar ta koma ma'aikatar ƙasa a Dutse, a bi layi ɗaya da masu neman fuloti.